A Bar Baba Hamali Ya Tura Kayansa

Zuwa ga Shugabar Ma'aikatan Jinya,
Gidan kula da tsofaffi da nake aiki,
Al Thumama, Doha.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi miki sannu da aiki, da fatan kina lafiya ke da iyali, na nan da na gida Najeriya. Allah ya ƙara miki lafiya da haƙurin zama da mu, domin na san ba ƙaramin haƙuri ake yi da mu ba.

Ni ne Nasiru Ɗan'azumi, mai kula da tsofaffi a sashen maza na ƙasa, dogon nan da kike cewa ya riƙa sunkuyawa kada ya fasa miki fitilar baranda. Shekarata huɗu a gidan nan: biyu a bakin ƙofa ina gadi, biyu a ciki ina wanka da ciyarwa da ɗaga tsofaffi. Na rubuta miki da Hausa ne saboda ita muke yi ni da ke idan mun haɗu a matakala ba kowa, kuma da irin Turancina idan na ce zan kawo ƙara sai a ɗauka haƙuri nake bayarwa. Na bar wasiƙar a buɗe, zan kuma sa ta a zaurenmu na waya na 'yan gida masu irin wannan aiki a Doha, domin da na ba su labari a taƙaice sai kowa ya ce ai su ma haka suke yi. Allah ya sani ba don in kunyata ki ba ne.

Maganar biyu ce, kuma a ɗaure suke da juna. Ta farko ita ce takardar gargaɗin da kika sa wa hannu mako uku da suka wuce, wadda ta ce na jefa rayuwar majiyyaci cikin haɗari. Ta biyu, wadda ta fi ci mini rai, ita ce shawarar da aka kawo cewa idan kwamiti ya zauna a ƙarshen watan nan za a mayar da dattijon da muke kira Baba Hamali sama, sashen waɗanda ba sa tashi daga gado. Kin fi ni sanin saman nan. A shekara biyun da na yi a ciki ban ga wanda aka hau da shi ya sauko da ƙafarsa ba. Takardar tawa in an ga dama a bar ta a fayil, ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba. Mutumin nan yana iya tafiya, na gani da idona, kuma ina roƙon a saurare ni kafin a hau da shi.

Na ɗaya: horon da aka ba mu

An ɗauke ni daga bakin ƙofa ne saboda an rasa ma'aikata maza, kuma wani ya faɗa wa mudir, wato manajan gidan, cewa na taɓa jinyar mahaifina. Ranar aka tara mu mu bakwai a ɗakin taro aka kunna mana bidiyo. Wata Baturiya ce a ciki tana ɗaga mutum-mutumin roba da wata na'ura mai igiyoyi, irin wadda har yau ban taɓa gani a sashenmu ba. Turancin nata da gudu yake, ga sanyin ɗakin, ga mu mun baro masaukinmu na Mu'aither tun da sassafe a motar kamfani. Rabinmu gyangyaɗi muka yi. Da bidiyon ya ƙare aka miƙo takarda muka sa hannu. Tana nan cikin fayil ɗina tana shaida wai an horar da ni a kan ɗaga majiyyaci da zaunar da shi.

Ainihin horon a hannun Isiyaku na same shi, abokin ɗakina ɗan Haɗeja, wanda ya riga ni shiga aikin da shekara ɗaya. Shi ma a hannun wani ya samu. Ga yadda yake: ka tsaya gaban tsoho, ka zura hannuwa ta ƙarƙashin hammatarsa, ka ce yalla, wato mu je, ka sunkuce shi kamar buhun masara, ka juya ka dire shi a keken guragu. Mutum goma sha biyu kafin a kawo karin kumallo. Isiyaku bai kai arba'in ba, amma yanzu da ɗamara yake yawo a ƙarƙashin rigar aiki, kuma idan bayan ya motsa a kan kujera yake sallah. Ya daɗe yana ɓoyewa don kada a ce ya gaza a sallame shi. Shi ya ce in faɗa a nan, ya gaji da ɓoyon.

Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa idan mutum yana zaune dole tafin ƙafarsa ya taka ƙasa ko matakin keke. Ba wanda ya gaya mana cewa idan tsoho ya zame a kujera har haɓarsa ta kwanta a ƙirji, abinci ba zai wuce masa daidai ba. Mu a tunaninmu tarin da suke yi lokacin cin abinci tsufa ne kawai, sai mu bubbuga baya mu ce sannu. Idan muka ga mutum ya karkace gefe ɗaya sai mu cusa masa filo a baya don ya ji daɗi, ashe ƙara zamar da shi muke yi. Na fi shekara ina wannan aikin da zuciya ɗaya, har ina ganin kaina gwani, ina koya wa sababbin zuwa.

Na biyu: tarbiyyar gida

Wannan ke kaɗai ce za ki gane shi a cikin manyan gidan nan, shi ya sa na zaɓe ki da wasiƙar. A garinku can kudancin Kaduna da garinmu Malumfashi tarbiyyar ɗaya ce: ba a zama ana kallon babba yana aiki. Dattijo ya miƙa hannu zai ɗauki buta, ka riga shi. Ya sunkuya zai sa takalmi, ka durƙusa ka sa masa. Ya ɗauko kaya, ka karɓa ko da hanyarku ba ɗaya ba ce. Abokan aikinmu na wasu ƙasashe suna yi wa tsofaffi komai ne don su yi sauri. Mu 'yan gida kunya da ladabi ke sa mu, kuma na rantse miki mun fi su ɓarna, domin su idan suna da lokaci sukan bar tsoho ya yi abu da kansa, mu kuwa ko da lokacin ba ma bari.

Baba Hamali ne shaidata. Hamali da Larabcin nan shi ne ɗan dako. Ya tsallako teku yana saurayi tun garin nan bai san dogayen benaye ba, ya ƙarar da ƙarfinsa yana tura baro a kasuwar Souq Waqif, yana bin masu sayayya da kayansu lungu-lungu. Ba mata, ba ɗa, ba mai zuwa duba shi. Har yanzu akwai kanta a tafin hannunsa.

Lokacin da na shigo sashen yana iya tashi da kansa, ya dafa bango ya tafi banɗaki yana tangaɗi. Ni kuwa zuciyata ba ta iya ɗaukar ganin mai furfura yana tangaɗi ina tsaye. Sai in ruga in jawo keke: Baba huta, Baba bari in yi maka. Na karɓe masa tafiyar banɗaki, na karɓe masa sa maɓallin riga, daga baya har cokali na karɓe. Iyalan sauran tsofaffi suka ga yadda nake hidima suka yabe ni, aka liƙa hotona a allon sanarwa a matsayin gwarzon ma'aikaci, ke da kanki kika miƙa mini takardar yabo. Na ɗauki hotonta na aika gida, mahaifiyata ta yi ta sa mini albarka. Shi kuwa Baba, kafin shekara ta zagayo ya daina miƙewa gaba ɗaya, ya daina magana sai dai ya gyaɗa kai. Muka riƙa rubutawa a takardar kullum cewa jikinsa yana ja baya.

An taɓa kawo masa ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ya kalle shi, ya juya fuskarsa bango, ya ce wannan na wanda ya ƙare ne. Aka rubuta cewa ya ƙi ba da haɗin kai, aka mayar da ƙarfen sito.

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa a ƙasar nan ba. Mahaifina ya yi shekara uku a kwance bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Mu biyar ne maza a gidan, kuma ko kofin ruwa ba mu bar shi ya ɗaga ba. Idan ya yunƙura zai tashi zaune sai mu yi caa a kansa mu kwantar da shi. Duk unguwa ana misali da mu. Ranar da ya rasu masu wanka suka kasa miƙe masa gwiwoyi, a naɗe aka sa shi a likkafani. Mun ɗauka ciwon ne ya yi haka. Sai a bana, a barandar gidan nan, na fahimci da hannunmu a ciki. Ajali na Allah ne, ban ce mun rage masa kwana ba. Amma abin yana cina, kuma ba na so in sake yi wa wani dattijo irin wannan hidimar.

Na uku: ranar amalanken shayi

Wata huɗu da suka wuce, da hantsi, na turo amalanken da muke raba shayi da shi. Na tsayar da shi kusa da keken Baba don in gyara wa maƙwabcinsa bargo. Da na juyo sai na ga ya miƙa hannu ya kama ƙarfen amalanken, yana kallon kayan yana tsaki. Na jera manyan filas na ruwan zafi a sama, kofuna da biskit a ƙasa. Sai ya buɗe baki, karo na farko cikin watanni, da Larabcinsa na kasuwa wanda bai fi nawa kyau ba sosai. Ya ce, "Wane jakin ne ya ɗora kayan nan? Mai nauyi ƙasa, mara nauyi sama!" Na ce ni ne jakin, Baba. Ya ce ai ya gani.

Ya sa na sauke komai na sake jerawa yadda yake so. Sannan ya ja ƙafafunsa baya, ya sunkuyo da ƙirji gaba, ya damƙe ƙarfen da hannu biyu, ya miƙe. Ranki ya daɗe, ya miƙe tsaye! Ni kuwa sai halin ya motsa, na ruga na riƙe shi ina cewa zauna Baba, zauna. Ya make mini hannu, duka mai kyau wanda sai da na ji shi har azahar, ya ce khalas, wato ya isa. Ya tura amalanken taku huɗu, na ƙirga, sannan gwiwarsa ta fara rawa na jawo keke ya zauna. Yana haki yana dariya, haƙora ukun da suka rage masa duk a waje. A ranar nan, da hannunsa ya ci shinkafarsa.

Daga nan na mayar da shi abokin rabon shayi. Taku huɗu suka zama goma, goma suka zama tsawon baranda. Ya fara yi wa sauran tsofaffi tsawa su kauce masa, yana cewa ɗarik, ɗarik, a ba shi hanya, irin yadda masu tura keke suke yi wa alhazai. Waɗanda suka yi wata da watanni ba su ko kalli juna ba suka fara rama masa tsiya. Wani ya ce shayin yana hucewa kafin ya iso, shi kuma ya ce mai gaggawa ya taso ya karɓa da kansa. Ban taɓa jin daɗin aiki a ƙasar nan kamar waɗannan makonni ba.

Na huɗu: laifina, da abin da Bulus ya koya mini

Ba zan wanke kaina ba. Amalanken nan ba shi da birki, kuma akwai tafasasshen ruwa a cikinsa. Da ya kuɓuce masa da Baba ya kifa da fuska, da wataƙila ruwan ya ƙona shi ko wani. Ban yi wannan tunanin ba, murna ta rufe mini ido. Wanda ya fara nuna mini shi ne Bulus, ɗan Jos ɗin nan mai zuwa mana Lahadi da Laraba, mataimakin likitan gashin ƙashi da muke kira fisiyo. Ya tarar da mu a tsakiyar baranda ya tsaya ya riƙe baki. Bai ɗaga murya ba, ya bari muka kai Baba kujera, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Malam Nasiru, abin da ka gano ya fi magani, amma yadda kake yin sa zai kai ka gidan yari. Zo in nuna maka."

A cikin 'yan mintunan da yake gutsurowa daga hutunsa na rana ya koya mini abin da bidiyo bai koya mini ba. Ka tsaya a gefen mutum, ɓangaren da ya fi rauni, kada ka tsaya a gabansa ka tare masa hanya. Ka ce ya matso bakin kujera, ya ja ƙafa baya, ya kawo hancinsa saitin yatsun ƙafa, ya dafa hannun kujera ya tura da kansa, kai hannunka yana bayansa kawai. Sai kuma jira, wanda ya fi komai yi wa Bahaushe wuya: ka tsaya hannu a baya kana kallon sa'an kakanka yana kokawa da maɓalli ba ka taɓa ba. Bulus ya ce in riƙa ƙirgawa zuwa ashirin a zuci kafin in sa hannu. Sau da yawa kafin in kai sha biyar maɓallin ya shiga.

Wata Laraba ya zaunar da ni a keken guragu, ya zamar da ni ƙasa yadda muke barin tsofaffi, ya cusa mini filo a baya, ya miƙo ruwa ya ce in sha. Na ƙware har da hawaye. Ko minti biyar ban yi ba ƙugu ya fara zafi, wuya ya ƙage. Ya ce to, a haka wasu suke wuni. Na kasa haɗa ido da shi.

Daga nan ya shiga sito ya fito da keken dogarawa mai taya huɗu, mai birki a hannu da kwando a gaba. Baba ya kalle shi fanko ya kau da kai, kamar yadda ya yi wa na farko. Sai muka cika kwandon da wankakkun tawul, na ce Baba, ana jiran waɗannan a ɗakin wanka. Ya duba ninkin, ya ce bai yi ba, ya sake ninkewa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe ya kai. Abin da muka gane ke nan: mutumin nan ba zai yi taku ɗaya don a ce yana motsa jiki ba, amma zai ratsa gidan nan idan akwai kaya da inda za a kai su. Tun ranar bai sake taɓa amalanken shayi ba.

Abin bai tsaya a kansa ba. Na koya wa Isiyaku yadda ake tayar da mutum ba tare da sunkuta ba, ya ce bayansa ya fara samun sauƙi. Muka gyara zaman masu tari lokacin cin abinci, muka sa wa gajeru matashi a ƙarƙashin ƙafa, tarin ya ragu har mai raba abinci ta tambaye mu ko an sauya musu magani ne. Duk wannan daga abin da mutum ɗaya ya koya wa mutum ɗaya a tsaitsaye, da kofin shayi a hannu.

Na biyar: takardar gargaɗi da abin da ya biyo baya

Bulus ya rubuta rahoton ci gaban Baba cikin murna, ya kuma faɗi gaskiyar yadda abin ya fara. Aka duba kyamara aka ga kwanakin amalanke, aka kira ni ofishinki. Kin yi mini faɗa da Turanci a gaban mudir, da muka fito kika ce mini da Hausa, "Nasiru, ka yi hankali, kafil, ubangidan da ya ɗauko ka aiki, ba ya jin labarin tausayi." Na gode, na san don kada a tattara ni a mayar gida kika faɗa. Amma tare da takardar aka fitar da doka: ba mai kula da tsofaffi da zai sake tayar da majiyyaci ya yi tafiya sai in fisiyo ko mataimakinsa yana wurin, domin ba a horar da mu a kan haka ba.

Dokar gaskiya ta faɗa, ba a horar da mu ba. Sai dai ki duba inda ta kai mu. Bulus kwana biyu yake zuwa a mako, kuma gidan duka yake zagawa. Kwana biyar Baba yana zaune. A takardar kullum akwai gurbin da ake tambaya ko majiyyaci ya yi tafiya yau, kuma ni da hannuna nake rubuta a'a sau biyar a mako. Wannan takardar ce kwamiti zai karanta ya ce mutumin ba ya tafiya, a kai shi sama. Mu muka hana shi, mu muka rubuta bai yi ba, ba kuma gurbin da zan rubuta dalili.

Ƙafar tsoho kuwa ba ta jiran kwamiti. Kafin dokar yana kai tawul har ɗakin wanka ya dawo. Larabar da ta wuce sai da ya yunƙura sau uku kafin ya miƙe, kuma a rabin hanya ya nemi kujera. Shekaranjiya ya kama gefen rigata ya ce, "Yau ma ba kaya?" Na ce ba kaya, Baba. Ƙarya na yi masa. Tawul na nan tuli, ni na kwashe su ta ƙofar baya don kada ya gani.

Abin da nake roƙo

Na farko kuma mafi gaggawa, a ɗage maganar kai Baba sama har sai fisiyo ya auna shi da keken mai kwando, da kaya a ciki. Idan aka auna shi da kwando fanko zai sake juya fuska bango, a sake rubuta ya ƙi.

Na biyu, a ba mu horo na gaskiya. Ba sai an ɗauko kowa daga waje ba, masu ilimin suna shigowa gidan nan sau biyu a mako. A ware musu lokaci a cikin lokacin aiki, kada a ɗora shi a kan ranar hutunmu ɗaya tilo. A yi shi da hannu, a baranda da ɗakunan da muke aiki, da kujerun da muke da su. A zaunar da kowane ma'aikaci a keke a karkace a ba shi ruwa ya sha, wannan darasin ba ya buƙatar tafinta. Sauran kuma a yi da yaren da mutane suke ji. Kowace ƙasa a cikinmu tana da mai iya fassara wa 'yan uwansa, ni na ɗauki na Hausa. Wanda ya koya a gwada shi, a ba shi shaida, a bar shi ya riƙa tayar da tsofaffin da likita ya amince su yi tafiya. A fara da ni. Idan na faɗi a mayar da ni gadi, ban manta yadda ake buɗe ƙofa ba.

Na uku, ranar da za a horar da 'yan gida ki shigo da kanki ki yi mana magana. Bulus zai nuna mana inda ake sa hannu, amma ba zai iya cire mana kunyar nan ba, sa'anmu ne. Ke kuwa Mama muke kiran ki a bayan idonki, ko kin sani ko ba ki sani ba. Idan kika tsaya kika ce mana barin dattijo ya sa takalminsa da kansa ba rashin tarbiyya ba ne, za mu yarda.

Na huɗu, a tambayi kowane tsoho, ko iyalinsa, sana'ar da ya yi, a rubuta a fayil ɗinsa kusa da sunayen magungunansa. A ɗaki na uku akwai wanda yatsunsa kullum suke bin bakin bargo suna lanƙwasawa, na tambaya aka ce tela ne. Ban san abin da zai tayar da shi ba tukuna, amma ina zargin idan aka ajiye riga mai tsinkakken maɓalli a teburin da ke can ƙarshen ɗakin ba zai iya haƙuri ba.

Sai kuma bayan Isiyaku, a duba shi ba tare da an sa masa ido a kan aikinsa ba. Ba shi kaɗai ne mai ɗamara a sashenmu ba.

Ranki ya daɗe, ina da kyakkyawan zato a kan wannan maganar. Gidan nan ba mugun gida ba ne. Akwai abinci mai kyau, akwai tsafta, akwai kayan aiki a sito da ba a ma cire ledarsu ba, akwai ma'aikata masu tausayi har ya yi musu yawa. Abin da ya rage kaɗan ne, kuma a hannunki yake, domin kwamiti yana jin maganarki.

Kada ki yarda da ni don na rubuta. Jibi Laraba Bulus zai zo da ƙarfe goma na safe, kuma ita ce Laraba ta ƙarshe kafin kwamiti ya zauna. Ki sauko sashenmu da jakar nan taki ta hannu, mai cike da fayil, wadda kullum take karkatar miki da kafaɗa. Ki tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa kamar matar da ta gama sayayya, ki ɗaga murya ki ce hamali. Ki sa jakar a kwando, ki ce a kai miki ofis. Kada ki ce masa sannu, kada ki miƙa hannu ko ya yi tangaɗi, Bulus yana gefensa. Ki shige gaba kawai, a hankali, yadda masu kaya suke yi. Ban yi miki alkawarin zai kai ba, mako uku na zama sun ci ƙarfinsa. Amma duk inda ya tsaya, ki juyo ki kalli fuskarsa, sannan ki je ki rubuta abin da kika gani.

Allah ya yi miki jagora, ya kare ki da iyalinki, ya mayar da mu gida lafiya idan lokaci ya yi. Allah ya ba ki tsawon rai da ƙafarki, ya kuma haɗa ki a ranar tsufa da masu haƙurin tsayawa su jira ki.

Wassalam.

Naki mai biyayya,
Nasiru Ɗan'azumi,
Sashen maza na ƙasa.